Ninkin Mai Guga

Shekara ashirin da shida shagona yana manne da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ma na langa-langa. Ni ina gyaran rediyo, shi yana wanki da guga. Don haka in na ce na san Mai Guga, ba sanin shanu nake nufi ba. Na san tarinsa, na san ƙarar dutsen gugarsa in ya dire shi a kan ƙarfe, na kuma san ranar da ransa yake a ɓace, domin ranar ba ya buga bango ya ce in rage muryar rediyo.

Dogo ne, tsamurarre, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu cika saboda ɗaukar dutse. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya shigo shagona gaisuwa, kafin ya fita sai ya ninke mini tsumman da nake goge hannu, wanda ba shi da maraba da na goge ƙasa. Ninkinsa kuwa iri ɗaya ne tun da na san shi. Zai haɗa bakin sama da na ƙasa har sai sun yi daidai, ya ninke nan take tun kayan suna da ɗumi, sannan ya danna da tafin hannu sau uku. Ya ce in ka bar kaya suka huce, ninkin ba ya zama. Na sha gaya masa cewa ranar da ya mutu sai ya tashi ya gyara wa masu suturta shi ninki. Ya ce in ni ne a cikinsu, tabbas zai tashi.

Abu ɗaya ne ba ya shiga shagonsa, ita ce tawada. Tun yana sabon shiga sana'ar wani biro ya fashe masa a baho, ya ɓata fararen riguna goma sha biyu na mutane daban-daban. Ya yi shekara yana sunkuyar da kai a layinmu. Daga ranar duk wanda ya kawo wanki sai an lalube aljihunsa a bakin ƙofa kamar mai shiga kurkuku. Ni da nake maƙale biro a kunne, sai na cire na ajiye a kan benci kafin in taka shagon.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi. Uwarta ta rasu tana da shekara tara, kuma bai sake aure ba duk da surutun 'yan'uwa. Da dutsen gugar nan ya yi mata makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya, aka turo ta ƙaramin asibitin unguwarmu. Kowa Nas yake kiranta, har shi uban. Ni kuwa Kawu take ce mini, tun tana zuwa shagona tana sace mini ƙananan kusoshi tana wasa. Shi bai yi karatu ba, sunansa ma da ƙyar yake ganewa a takarda. Amma duk safiya farar rigar aikinta tana rataye a ƙofar shago, karin guga a tsaye kamar wuƙa, kafin ya taɓa kayan kowa.

Asibitin nan ɗaki biyu ne da baranda. Da damina rufin ɗakin haihuwa yana yoyo daidai kan gado, sai an ja gadon gefe an tara bokiti. Ruwa kuwa sai dai dangin mai naƙuda su ɗebo. Nas ta yi sintiri ofishin ƙaramar hukuma har takalminta ya san hanya. Kansilan mazaɓarmu a lokacin shi ne Mai Bulo, wanda yake da wurin buga bulo a bakin titi, kuma amsarsa ba ta canzawa, za a duba. Shekara shida ana dubawa. Da zaɓen kansiloli ya matso, matan unguwa suka cika barandar asibiti suka ce ta fito da kanta. Ta yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ta amsa.

Ranar da aka liƙa fostarta, Mai Guga ya tsaya a gabanta ya fi minti goma. Sai da ya sa hannu ya gyara kusurwar da ta ɗan lanƙwashe sannan ya dawo. Na zaci zan ga mutum yana fara'a, sai na gan shi ya yi zugum a kan benci.

Na ce, "Kai kuma lafiya? 'Yarka za ta zama kansila kana zaune kamar an ƙwace maka gawayi."

Ya ce, "Mai Rediyo, duk waɗanda suke kewaye da ita masu ilimi ne. Wannan ya rubuta, wancan ya yi jawabi. Ni me zan ba ta? Tun da ta shiga aji uku ban sake koya mata komai ba."

Na ce, "Ka goge mata kaya mana. Kansila a yamutse ai abin kunya ne."

Bai yi dariya ba. Abin da yake so a duniya ke nan, Nas ta hau kujerar nan, kuma a ce da hannunsa a ciki.

A rediyon shagona ya samo dabarar, shi ya sa har yau nake jin haushin akwatin. Wani ma'aikacin zaɓe ne yake bayani cewa duk zaɓe ana asarar ƙuri'u da yawa saboda mutane ba su iya dangwalawa ba. Mai Guga ya ajiye dutse ya zagayo ya ce in ƙara murya, abin da bai taɓa cewa ba. Washegari ya karɓo samfurin takardar ƙuri'a a ofishin kamfen, ya sa aka buga masa kwafi ɗari biyu. Doguwar takarda ce mai gida shida. Alamar Nas fitila ce, tana can sama. Ta Mai Bulo tsani ce, tana can ƙasa.

Daga nan shagon guga ya koma makaranta. Kullum da yamma zai kashe wuta, ya shimfiɗa bargo mai tsabta a kan tebur, mata da tsofaffi su yi layi. Akwai masu goyo, akwai masu sanda, akwai Goggo mai gawayi wadda take kawo masa buhu duk mako, ita ce ma shugabar aji. Yana nuna musu fitila, yana kama babban yatsan tsohuwa ya ɗora a gidan da ya dace. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a jere sai ga shi yana bayani har da ɗaga murya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makonnin nan ba.

Matan suna da wani tsoro na daban. Da yawansu mazansu ko 'ya'yansu a wurin Mai Bulo suke aiki, kuma an ce yaransa za su tsaya kusa da akwati suna leƙen hannun mutane. Mai Guga ya ce wannan mai sauƙi ne. Da kin dangwala, kada ki tsaya kallon kowa. Ki haɗa bakin sama da na ƙasa, ki ninke nan take, ki danna da tafin hannu sau uku. Ko aljani ba zai ga abin da ke ciki ba. Haka suka yi ta maimaitawa, har ya zama kamar waƙa, yara suna yi a layi suna tafa cinya.

Wata rana na leƙo na ga suna dangwala busasshen yatsa a takarda. Na ce, "Malam, makarantarka ba alli. Bari in samo muku tawada su ji yadda abin yake."

Ya harare ni. "Tawada? A shagona? Kana ganin kayan mutane a rataye?"

"To ku fito waje mana."

"Su shafa a zane su kawo mini wanki? Yatsa dai yatsa ne, da tawada ko babu."

Na yi dariya na koma bakin aikina. Da na ƙara matsawa kaɗan, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Wannan nauyin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi.

Ranar zaɓe ni ne wakilin Nas a rumfarmu, tunda ina iya karatu. A harabar makarantar firamare aka kafa teburi a inuwar bishiya. Da safe malamin zaɓe, wani matashi baƙo mai sanyin murya, ya ce in an dangwala a ɗan jira tawadar ta sha iska, a naɗe takardar ta tsaye. Sau ɗaya ya faɗa, rabin mutane ma ba su iso ba. Goggo da take gaban layi ta ce masa, "Ɗan nan, kada ka wahalar da kanka, mu an koya mana." Ni kaina na ji shi da kunnena. Amma da na shiga na dangwala fitila, hannuna da kansa ya haɗa baki da baki ya danna sau uku. Mako shida ina jin abin ta bango.

Mai Guga yana tsaye a bakin ƙofar makaranta tun da aka buɗe. Duk wadda ta fito sai ta ɗaga masa yatsa mai shuɗi, shi kuma ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibansa suka haye jarrabawa.

Wajen ƙarfe huɗu aka juye akwati a kan tebur, jama'a suka kewaye. Malamin zaɓe yana buɗe takarda ɗaya-ɗaya yana ɗagawa sama. Fitila. Tsani. Fitila. Sai ya buɗe wata, ya tsaya, ya juya ta ga wakilai. Yatsa a kan fitila, yatsa a kan tsani. Ya ce ta lalace, ya ajiye gefe. Ba a yi biyar ba ya sake ɗaga irinta. Sannan wata. Sannan uku a jere.

Na yi gardama har muryata ta dushe. Na ce a duba, ɗaya ta fi ɗaya baƙi. Wakilin Mai Bulo ya ce a nuna masa wacce, kuma gaskiyarsa, da ƙyar ake bambancewa, domin an danne su sosai. Malamin zaɓe ya ce doka ta ce alama biyu ƙuri'a ta lalace, shi ba zai shiga zuciyar mai zaɓe ba. Tulin gefe ya yi ta tashi.

Ina cikin haka na ji mutum a bayana yana numfashi sama-sama. Mai Guga ne ya kutso. Ba alamun yake kallo ba, ninkin yake kallo. Sauran takardu duk a cukurkuɗe suke, wata an naɗe kamar taba, wata an dunƙule. Waɗanda ke tulin gefe kuwa kowacce da layi ɗaya a tsakiya, miƙaƙƙe, ba karkata ko kaɗan. Da malamin ya ɗaga ta gaba, takardar ta ɗan rufe kanta a hannunsa, gidan sama ya sauka daidai kan gidan ƙasa. Na ji yatsunsa sun kama mini kafaɗa har sai da na ji zafi. Ni ma a lokacin na gane, na kuma gane cewa tawa tana cikin tulin.

Washegari da hantsi aka karanta sakamako a ofishin ƙaramar hukuma. Mai Bulo ya ci da ratar ƙuri'a talatin da ɗaya. A rumfarmu kaɗai, tamanin da bakwai suka lalace.

Kafin azahar magana ta zagaye unguwa, kuma yaran Mai Bulo ne suka ƙirƙiro ta suna dariya. Wai matan layinmu sun karɓi atamfa a wurinsu da alkawari, sun kuma yi wa Nas alkawari, shi ne suka dangwala wa kowa don kada rantsuwa ta ci su. Abin takaici, maganar ta zauna. Kowace mace ta san ita sau ɗaya ta dangwala, saboda haka ta tabbata maƙwabciyarta ce ta ci amana. Aka yi ta faɗa a bakin famfo. Matan da suka shekara ashirin suna aron turmi a junansu suka daina gaisawa.

Nas ba ta rumfarmu ranar, tana zagaya sauran rumfuna. Abin da ta ji shi ne tamanin da bakwai, alama biyu-biyu, a layin da aka haife ta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta koma aiki, tana yi wa mata awo ba ta kallon fuskarsu. A kwana na huɗu ta rubuta takardar neman a canza mata wurin aiki.

Na shiga shagon Mai Guga na same shi zaune, dutse a sanyaye, wanki ya taru. Na ce, "Ka saurare ni. Ni da kai kaɗai muka gane. Ka rufe bakinka. Kujera ta riga ta tafi, faɗa ba zai dawo da ita ba."

Ya ce, "Tana ganin sun sayar da ita."

"Za ta huce. Kai kuma in ta sani fa? Kana da wata 'yar ne?"

Shawarar matsoraci na ba shi, na sani, amma tausayinsa nake ji. Mutumin nan ba shi da komai a duniya sai yadda yarinyar nan take kallonsa.

Ya daure kwana tara. A rana ta tara Goggo mai gawayi ta tare Nas a ƙofar shagonsa, ta kama gefen mayafinta tana rantsuwa da duk abin da ta sani cewa ita fitila ta dangwala, sau ɗaya tak. Nas ta zare mayafinta a hankali ta ce, "Goggo, jikokinki huɗu a hannuna suka faɗo. Da kin ce mini atamfa kike so, da na saya miki." Tsohuwar ta zauna a kan buhunta tana kuka kamar yarinya. Mai Guga yana ciki yana jin komai.

Da safe ya buga mini bango. Ya ce in samo masa tawadar dangwale, in raka shi asibiti. Na ce ya sake tunani. Ya ce ya gama tunani, in ba zan je ba in ba shi tawadar.

Ranar awo ce, baranda cike da mata, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. Nas tana zaune a teburinta da abin awon jini a wuya. Da ta gan mu ta miƙe. "Baba, lafiya? Jikin ne?"

Ya ce, "Zauna, Nas. Ku kuma ku matso ku gani."

Ya zaro ɗaya daga cikin takardun gwajin nan ya shimfiɗa a teburinta. Ya buɗe tawadar, ya danna babban yatsansa a ciki. Ya dangwala a kan fitila. Ya haɗa bakin sama da na ƙasa, ya ninke, ya danna sau uku. Sannan ya buɗe ya ɗaga sama yadda malamin zaɓe ya yi. Yatsa a kan fitila, yatsa a kan tsani.

Wata ta dafe ƙirji ta yi salati a hankali.

Ya ce, "Babu wadda ta ci amanarki. Duk ke suka zaɓa. Ni na koya musu wannan, kuma ni na hana a gwada da tawada. Mai Rediyo ya ce a gwada, na ƙi. Kin ci zaɓenki, Nas. Ni na kayar da ke."

Ta karɓi takardar. Ta rufe ta, ta buɗe, ta sake rufewa. Na ga lokacin da lissafin ya gama shiga kanta, domin sai da ta dafa tebur. Ta tashi ta wuce shi, ta je gaban Goggo da take rakiyar surukarta, ta durƙusa har ƙasa ta ce ta yafe mata. Ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Kuka ya ɓarke a baranda, masu gaba suna rungumar juna. Shi yana tsaye a tsakiya da yatsa mai shuɗi, ya ɗaga shi nesa da rigarsa, ba wanda ya kula da shi.

Sai da ta gama ta dawo gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, ni da nake kusa ne kawai na ji.

Ta ce, "Baba, da ka bar ni da zatona. Su zan iya yin fushi da su, in bar musu garin. Kai kuma yaya zan yi da kai?"

Ta ce ya je gida ya huta, tana da mata suna jira.

Ta janye takardar canjin aiki. An rantsar da Mai Bulo, damina ta zo, aka sake jan gado gefe aka tara bokiti. Duk ranar da aka yi ruwa Mai Guga ba ya iya aiki, sai ya tsaya a bakin shago yana kallon hanyar asibiti.

Yanzu shekara biyu ke nan. Kullum da safe Nas tana biyowa ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi kafaɗarsa, ta ajiye masa magani. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa canza masa fuska ba. Amma hirar da suke yi da, wadda nake ji ta bango har in buga in ce su bar ni in ji labarai, ta ƙare. Gaisuwa ce, sai Allah ya ba da sa'a, sai ta wuce.

Rannan bayan ta tafi ya zagayo shagona ya zauna a benci.

Ya ce, "Mai Rediyo, kai da take jin maganarka, ka roƙar mini ita."

Na ce, "Ai ta yafe maka tuni."

Ya ce, "Ba shi nake nufi ba. Ka ce ta yi mini faɗa. Ko sau ɗaya ne."